Sakaci da ganganci: shin abu ɗaya ne a bakin Bahaushe?

Malamin_Gobarau:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Akwai abin da na lura da shi a labaran rediyo da kuma maganganunmu na yau da kullum a nan Katsina, ina so mu tattauna shi. Idan aka yi haɗari a hanya, wani mai ba da labari zai ce sakacin direba ne ya jawo, wani kuma ya ce gangancin direba ne, alhali duka biyun haɗari ɗaya suke nufi. A fahimtata waɗannan kalmomi ba ɗaya ba ne. Sakaci shi ne mutum ya bar abin da ya kamata ya yi, ganganci kuwa shi ne ya aikata abin da ya san bai kamata ba, yana ganin haɗarin da ke ciki. Idan haka ne, musanya su zalunci ne, domin ana iya ɗora wa mutum laifin da ya fi nasa nauyi, ko a sauƙaƙa wa wanda ya cancanci zargi mai tsanani. Ina neman gyara daga masana, sannan ina so a faɗa mana inda sake, da kasala, da halin ko-in-kula suka tsaya a tsakaninsu.

Direban_Daura:
Wa alaikumus salam, Malam. Mu da muke bin hanyar Katsina zuwa Daura ta Mashi mun san wannan bambanci ko da ba mu zauna mun yi masa suna ba. Direban da ya fito da safe bai duba ruwa da mai ba, bai taɓa birki ya ji ko yana ci ba, bai lura safayarsa ba iska ba, wannan a tasha cewa muke ya yi sakaci. Amma wanda ya yi aron hannu a kan kwana, ko ya ɗora lodin da ya fi ƙarfin mota ranar kasuwar Mai'aduwa, ko ya ji barci yana fizgarsa ya ƙi tsayawa, ba wanda zai ce masa mai sakaci. Tuƙin ganganci ake ce wa wannan, kuma ban taɓa jin an ce tuƙin sakaci ba.

Almajirin_Kusugu:
Allah ya saka wa Malam da alheri. Abin da nake so in ƙara shi ne, a zauren karatu kalmar ganganci tana da wata ma'ana da ta sha bamban da ta tasha. Duk wanda ya karanta Ahalari ya ji malami yana fassara amdan da cewa "da ganganci", sahawan kuma "da rafkana" ko "da mantuwa". Wanda ya yi magana a cikin salla da rafkana zai yi sujada ba'adiyya, sallarsa ta inganta, wanda ya yi da ganganci kuwa ba don gyaran salla ba, sallarsa ta ɓaci. A nan ganganci niyya ce tsantsa. Haka nan idan aka ce kisan ganganci, ana nufin an kashe rai da nufi, kishiyar kisan kuskure wanda aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta yi hukuncinsa da diyya da kaffara. To direban da ya yi aron hannu bai yi niyyar kashe kowa ba, amma muna ce masa mai ganganci. Ke nan kalmar tana ɗauke da ma'ana biyu, kuma ina ganin wannan ne ya sa take rikita masu labarai.

Malamin_Gobarau:
Wannan gyara ne mai amfani, Malam Almajiri. Sai dai ina ganin akwai igiyar da ta ɗaure ma'anonin biyu, wato sani. Mai kisan ganganci ya san abin da zai biyo baya kuma yana son sa, mai tuƙin ganganci ya san abin da zai iya biyo baya amma bai damu ba.

MalamarHausa_KT:
Malam, na yarda da kai a kan sani, amma bari in duba ginin kalmomin, domin yana taimakawa. Ganganci daga gangan yake, da ɗafin -ci irin na butulci da ragwanci da sakarci, wanda yake mayar da abu ya zama hali ko ɗabi'a. Shi kansa gangan yana da fuska biyu a bakin mutane. Idan na ce ya taka ni da gangan, da nufi ya yi. Idan kuwa yarinya ta ga ƙanwarta ta tsorata ta ce mata da gangan nake yi, tana nufin wasa take, ba da gaske ba. Ina ganin ganganci na tasha ya fi kusa da wannan fuska ta biyu, wato ɗaukar abu mai haɗari kamar wasa.

Sakaci kuma kunne yana jin kusancinsa da saki da sake. Wanda ya yi sakaci ya sassauta riƙon abin da aka damƙa masa ne. Shi ya sa kalmar take tafiya da "da": ya yi sakaci da lafiyarsa, ta yi sakaci da kuɗin adashi, sun yi sakaci da tarbiyyar yara. A kowane misali akwai wani abu da yake hannun mutum, wanda kula da shi ya rataya a wuyansa. Ba a cewa baƙon da ya zo wucewa ya yi sakaci da akuyar da ba tasa ba.

Abin da nake yawan gyara wa ɗalibai shi ne rikita sakaci da sakarci. Sakarci daga sakarai yake, wato wauta da rashin wayo. Mai hankali sosai yana iya yin sakaci, amma idan ka ce masa ya yi sakarci ka zage shi.

Uwar_Biyu:
Malama ta faɗi gaskiya a kan zagi. A cikin gida ma ba kowace kalma ake jefa wa kowa ba. Zan iya ce wa ɗiyata ta yi sakaci ta bar tukunya ta ƙone, amma ba zan dubi surukata ko maigidana in ce ka yi sakaci ba. Sai dai in ce an yi sakaci, ko an ɗan samu akasi, kowa kuma ya gane wanda ake nufi ba tare da an ci fuskarsa ba.

Dattijon_Yanɗaka:
Ɗiyata Uwar_Biyu, Allah ya yi miki albarka, wannan ladabi ne da muka taras. Ni abin da nake so in tsaya a kai shi ne sake, domin na ga Malam ya tambaya ba a amsa ba. Sake yana da alaƙa da lokaci da kuma abokin hamayya. Ana cewa kada ka yi sake a riga ka, ko ya yi sake dama ta wuce shi. Da muka tashi, idan ƙaramar matsala ta girma har ta gagari mutane, manya cewa suke an yi sake ɗan zaki ya girma. Ba a cewa an yi sakaci ɗan zaki ya girma, kunne ba ya karɓa. Mai sake ya saki jiki ne a lokacin da ya kamata ya kasance a faɗake, kuma sau da yawa kansa yake cuta. Mai sakaci kuwa yakan cuci wani, domin abin da ya bari ya lalace amana ne. Ɗan kasuwar da bai sayi gero da kaka ba har farashi ya tashi sake ya yi. Wanda aka ba ajiyar gero ya bar rumbu yana yoyo har ya ruɓe, wannan sakaci ne.

Telan_Ƙofar_Marusa:
Baba, ranka ya daɗe, misalin ajiya ya taɓa sana'armu. Idan yaron shago ya bar dutsen guga a kan shadda ya fita amsa waya har ta ƙone, sakaci ne. Idan tela ya sa almakashi a yadin mutum ba tare da ya duba awo ba, don yana ganin ya ƙware, mu a wurinmu ganganci ne. Amma akwai na uku da nake so malamai su sanya masa suna. Tela ya san ba zai iya gama ɗinki fiye da kima kafin Salla ba, amma ya ci gaba da karɓa har goman ƙarshe na azumi, ranar idi yara su rasa kayan sawa. Shi zai ce aiki ne ya yi masa yawa, masu kaya su ce sakaci ne, ni kuwa ina ganin ya wuce sakaci.

Almajirin_Kusugu:
Malam Tela, wannan saɓa alkawari ne da aka shirya tun ranar karɓar kaya, don haka ya fi kusa da ganganci. Game da shaddar da ta ƙone kuwa, malamanmu na Malikiyya sun yi bayani. Asalin hukunci shi ne wanda aka ba ajiya amintacce ne, ba ya biya idan abu ya salwanta sai in ya yi sakaci wajen tsarewa ko ya ƙetare iyaka wajen amfani da shi. Amma masu sana'a irin tela da marini an ware su, Risala ta ce suna lamunce abin da suka ɓoyu da shi na mutane, sai fa idan an sami shaida cewa ya halaka ba da sa hannunsu ba. Dalilin shi ne maslahar jama'a, domin da an bar su a kan rantsuwa kawai da kayan mutane sun yi ta ɓacewa. Abin lura a nan shi ne rashin niyya yana ɗauke zunubi, kamar yadda hadisi ya zo cewa an yafe wa wannan al'umma kuskure da mantuwa da abin da aka tilasta su, amma ba ya ɗauke biyan dukiyar wani.

Manomin_Mashi:
Allah ya gafarta Malam, to yaya batun dabbobi? Kowace damina sai an kai ƙara wurin mai unguwa ko dagaci a kan ɓarnar gona. Mai shanu ya ce yaro ne ya yi barci, manomi ya ce da gangan aka tura su. Duk rigimar a kan waɗannan kalmomi biyu take tsayawa, domin idan an yarda sakaci ne ana yin sulhu a kimanta ɓarna a biya, idan kuwa manomi ya kafe cewa ganganci ne zuciya ba ta saurin sauka.

Almajirin_Kusugu:
Abin da ke cikin Risala, wanda ya samo asali daga hukuncin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kan taguwar Bara'u ɗan Azibu kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa, shi ne ɓarnar dare tana kan masu dabbobi, da rana kuwa masu gona ne ke da alhakin tsare gonarsu. Sai dai malamai sun yi sharaɗi, idan makiyayi yana tare da dabbobin ya bar su suka shiga, ko aka sake su a gefen gonaki, to ko da rana ne akwai biya. Alƙali ne ke duba kowace mas'ala da yanayinta.

Nas_Funtuwa:
Ina neman afuwa zan ɗan karkata zuwa ɓangarenmu, domin babu inda ake jefa kalmar sakaci kamar asibiti, kuma tana tafiya ta ɓangare biyu. Majinyata suna cewa sakacin ma'aikata, mu kuma muna cewa sakacin iyaye. Akwai inda kalmar ta dace ƙwarai. Allurar ƙyanda kyauta ce, ana yin ta yaro yana wata 9, idan asibiti yana kusa kuma uwa da uba sun sani suka yi ta ɗagawa har yaro ya kamu, ban san wani suna da za a ba wannan ba. An ayyana Nijeriya a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji a 2020 ne saboda an daina wasa da rigakafi gida-gida.

Amma ina roƙon 'yan uwana ma'aikata mu riƙa tambaya kafin mu furta. Matar da ta kawo yaro a galabaice bayan kwana da kwanaki yana zazzaɓi, wataƙila ba ta da kuɗin mota daga ƙauye, ko maigidan ya yi tafiya babu wanda zai ba ta izini, ko hanyar ba ta biyuwa da dare saboda rashin tsaro. Wannan rashin hali ne. Sakaci ba ya tabbata sai mutum yana da iko ya bari. Idan muka ce mata ta yi sakaci a gaban jama'a, mun ƙara mata ciwo a kan ciwo, kuma wata rana kunya za ta hana ta dawowa.

Shi kuwa wanda bai karanci aikin ba ya buɗe shago yana yi wa yara allura da ƙarin ruwa, wannan ganganci ne da rayukan mutane.

Uwar_Biyu:
Allah ya biya ki, Yaya Nas. Sau da yawa mace ake dubawa idan yaro ya samu matsala, alhali shawarar fita da kuɗin magani ba a hannunta suke ba.

Lauyan_Ƙofar_Soro:
Maganar Hajiya Nas cewa sai da iko sakaci yake tabbata ta yi daidai da yadda kotu take kallon lamarin. Kafin a ce mutum ya yi sakaci a shari'ance, ana duba ko akwai nauyin kula da ya rataya a kansa, ko ya gaza yin abin da mai hankali a matsayinsa zai yi, sannan ko wannan gazawar ce ta haifar da cutar. Ba a tambayar abin da ke zuciyarsa. A nan nake da ɗan saɓani da Malamin_Gobarau, wanda ya ce sakaci bari ne, ganganci kuma aikatawa. Ma'aikacin da ya ba da maganin da ba shi ne aka rubuta ba don bai karanta takarda da kyau ba, aikatawa ya yi, amma sakaci ne. Mai gidan haya da aka gaya masa sau da yawa cewa katanga ta tsage za ta faɗa wa yara, ya yi biris har ta faɗi, bari ya yi, amma kowa zai ce ganganci ne. Saboda haka ma'aunin shi ne ko mutum ya hango haɗarin ya ci gaba, ko kuwa bai hango ba alhali ya kamata ya hango.

Malamin_Gobarau:
Na karɓi misalin katanga, Barista. Amma ka lura da kalmar da kai kanka ka yi amfani da ita, ka ce ya yi biris. Wannan ya kawo mu rukunin da na tambaya tun farko. Biris, da kunnen uwar shegu, da shakulatin ɓangaro, da halin ko-in-kula, dukkansu suna nuna an sanar da mutum ko ya gani da idonsa, sannan ya kau da kai. Ina ganin su ne gadar da ke tsakanin sakaci da ganganci.

MalamarHausa_KT:
Haka ne, kuma kowanne da inda ya fi zama. Kunnen uwar shegu sai an yi magana an ƙi saurare. Riƙon sakainar kashi kuwa yana nuna wulaƙanta abin da ke hannunka, shi ya sa ake faɗinsa ga wanda ya riƙe maraya ko mata ko aikin gwamnati ba da daraja ba. Wasarairai ya fi tafiya da dukiya da dama. Halin ko-in-kula shi ne ya fi yawa a jaridu idan ana maganar hukuma da talakawa. Kasala dabam take, domin nauyin jiki ce, tana iya zama sanadin sakaci amma ba ita ce shi ba, kuma mara lafiya ma yana jin kasala ba tare da laifi ba. Gafala da shagala, waɗanda muka aro daga Larabci kamar kasala, sun fi zama a wa'azi, inda ake maganar zuciyar da duniya ta ɗauke wa hankali.

Direban_Daura:
Akwai kalma ɗaya da ba a ambata ba, kuma ita ce ta fi yawa a bakinmu idan abu ya faru, wato tsautsayi. Taya ta suɗe har zare ya fito, ta fashe a kan gudu, sai a ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa tun 1988, suna zuwa tasha suna faɗakarwa a kan taya da gudu, amma da zarar an ce tsautsayi magana ta ƙare, ba mai sake tambayar wa ya ga tayar ya ce a tafi da ita.

Dattijon_Yanɗaka:
Ɗana, a yi hattara a nan. Kalmar tsautsayi tana da aikinta. Idan ka je gaisuwa gidan da yaro ya faɗa rijiya, ba za ka ce wa uwarsa an yi sakaci ba, ko da murfin rijiyar ya daɗe da karyewa. Za ka ce tsautsayi ne, Allah ya ba da haƙuri, domin ranar ta ta'aziyya ce. Laifin yana ga wanda zai bar rijiyar a buɗe bayan an share makoki, yana fakewa da kalmar da aka faɗa don sanyaya zuciya.

Almajirin_Kusugu:
Baba ya raba gardama a wannan gaɓa. Imani da ƙaddara bai taɓa zama hujjar barin sababi ba, kuma hadisin mutumin da aka ce wa ya ɗaure taguwarsa sannan ya yi tawakkali sananne ne. A Suratul Ma'un ma an yi narko ga masu rafkana ga barin sallarsu, malamai kuma suka bambanta shi da rafkana a cikin salla, wadda ba wanda ya kuɓuta daga gare ta. Ta farko halin mutum ce da ya zaɓa, ta biyu rauni ne na ɗan Adam da ake gyarawa da ƙabli ko ba'adi.

Manomin_Mashi:
Ni har yanzu ina ganin a ƙauye ba ma rarrabewa kamar yadda kuke yi. Idan ɓarna ta yi yawa ganganci muke cewa, idan kaɗan ce mu ce sakaci. Girman asara ne yake zaɓa mana kalma.

Lauyan_Ƙofar_Soro:
Malam Manomi, abin da ka faɗa shi ne ainihin abin da ya sa tambayar farko take da muhimmanci. Mutum biyu suna iya yin sakaci iri ɗaya, ɗaya ya bar gawayi a shago wutar ta mutu da kanta, ɗaya ya bar shi wutar ta cinye layi guda na kasuwa. Asararsu ta bambanta, abin da za su biya ma ya bambanta, amma halin da suka nuna ɗaya ne. Idan muka kira na biyu mai ganganci saboda yawan ɓarna kawai, mun jingina masa sanin da ba shi da shi.

Nas_Funtuwa:
Barista, to idan mutum ya maimaita fa? Wanda aka yi wa gargaɗi a kan gawayin nan sau ɗaya, ya sake barinsa, har yanzu sakaci za mu ce?

Malamin_Gobarau:
A ra'ayina daga ranar da aka gargaɗe shi ya fita daga sakaci, domin ya riga ya sani. Amma na san Malama za ta ce mutane suna cewa "sakacinsa ya yi yawa" ga wanda ya saba, ba sa canza kalmar, kuma Malam Manomi ya nuna mana cewa a Mashi wani ma'aunin ake bi. Ina so mu ji daga 'yan uwa na Daura da Baure da Zango ko a can ana cewa ganganci ga wanda ya maimaita, musamman a zaman sulhu gaban dagaci.

Direban_Daura:
A tasharmu dai idan direba ya maimaita laifin da aka yi masa magana a kai, shugabannin ƙungiya ba sa cewa sakaci kuma ba sa cewa ganganci, cewa suke ya raina mutane, sai a dakatar da shi daga lodi. Na zaman dagaci kuwa sai mu jira waɗanda suke halarta su faɗa mana.